Hasumiyar Shindaga da Sawun Yatsun Baba

Shekara takwas ke nan cif da muka ɗauki mahaifina, Malam Garba magini, daga zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. Akwai laifin da na yi masa bayan ransa, na kuma san ba yadda za a yi in ba da labarinsa in tsallake laifin. Bana dai zan faɗa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Laifin shi ne, tun da ya rasu na hana a yi wa zaurensa yaɓe. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da hakan ke nufi. Kowace damina sai ta ɗan ci daga jikin bango, shi ya sa duk bayan shekara biyu ko uku, kafin ruwa ya sauka, ake kwaɓa sabuwar ƙasa a shafe bangon da hannu. Ni kuwa na ce kada wanda ya taɓa. Dalilina, yaɓen da ke jikin zauren shi ne na ƙarshe da Baba ya yi, sawun yatsunsa huɗu na nan reras daga gefen ƙofa har kusurwa, idan aka ɗora sabuwar ƙasa sun tafi ke nan. Wana, Yaya Lawal, wanda ke zaune a gidan da iyalinsa, ya yi magana har bakinsa ya gaji. A bazarar bana bangon ya tsage, aka kai inda ko dai a rufe hannun Baba, ko a rasa zauren gaba ɗaya.

Abin kunyar, ni injiniyan gini ne. Shekarata goma sha ɗaya a Dubai, ina aiki a wata masana'anta da ke Dubai Investments Park, inda muke zuba kankare a kan manyan faifan ƙarfe, ya bushe ya zama bango, a ɗora a tirela a kai inda za a jera shi. Bangon da muke yi babu hannun kowa a jikinsa. In ma aka ga sawun yatsa, aibi ne, ni da kaina nake sa hannu a mayar da shi.

Baba bai taɓa hana ni boko ba, bai kuma taɓa cewa in gaje shi ba. Sunana Nasiru, amma tun ranar da na shiga jami'a ya koma kira na Injiniya, da wata murya da har ya koma ga Allah ban gane ko alfahari ne ko tsokana ba. Shi kuwa aikinsa na gado ne. Ina yaro nakan tsaya in kalle shi zaune a kan bango, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa ba tare da ya duba ba. Akwai kuma wata al'ada tasa da ta sha ba ni kunya. Ba ya yarda a ɗebi ƙasa daga rami sai ya mintsino kaɗan ya ɗora a harshe, ya lumshe ido, sannan ya tofar ya ce, "Yashi ya yi yawa," ko, "Akwai kanwa, ba za ta yi ƙarko ba." 'Yan ajinmu suka ɗauka, suka riƙa ce mini ɗan mai cin ƙasa. Na sha dambe a kan sunan nan, kuma rabin damben an fi ƙarfina.

Shekara guda kafin rasuwarsa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Umara, ya yada zango wurina na kwana goma. Na shirya masa tsaf, da niyyar in burge shi. Rana ta biyu na kai shi gindin ginin nan da ya fi kowane gini tsawo a duniya. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har hularsa ta faɗi. Ya yi tasbihi, ya daɗe yana kallo, ina gefe ina jin daɗi kamar ni na gina. Can ya juyo ya ce, "Injiniya, wa ke yi masa yaɓe?" Na yi dariya, na nuna masa wasu mutane can sama rataye da igiya suna wanke gilashi, da ƙyar ake hango su. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ashe shi ma yana da masu shafa shi. Madalla." Na ɗauka maganar tsohon da bai saba da birni ba ce, na bar ta a nan. Na kai shi wurin aikina ma, ya shafa ɗaya daga bangayenmu da tafin hannu, ya ce yana da santsi, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Shirun nan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ana saura kwana biyu ya tafi muka shiga Dera sayen tsaraba. A lungunan Murshid Bazar muka yini, tsakanin masu ɗaure kwalaye da masu tura amalanke suna ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, ga Hausa na tashi ta ko'ina, wannan na cigiyar mai kago da zai tura masa kaya gida, wancan na faɗa a waya a kan kwantenar da ba ta iso ba. Da muka yi la'asar na ce mu tsallaka ruwa mu sha iska. Mu Hausawan nan kogi muke ce masa, amma hannun teku ne da ya kutso cikin gari ya raba shi biyu, ana tsallaka shi da ɗan kwalekwalen inji da ake kira abra. Mutumin da ya shekara hamsin yana zama a kan bango ba ya ko ɗar, sai ga shi ya damƙe gefen rigata tun kafin a tayar da inji. Muka ratsa ta gaban manyan jiragen katako da aka labta wa firji da taya da buhuna. Feshin ruwa ya taɓa masa leɓe, ya lasa, ya ce, "Wannan ba kogi ba ne, miya ce aka zarce wa gishiri."

Da muka sauka sai muka bi gefen ruwa a ƙafa har Shindaga, tsohuwar unguwar da ke bakin mashigin, inda aka ce daga nan garin ya faro. A nan wata tsohuwar hasumiyar tsaro take. Na wuce ta a mota ya fi a ƙirga ban taɓa juya kai ba, don ba ta da abin da ke jan idon irinmu. Mai kusurwa huɗu ce, kalar ƙasa, tsawonta bai wuce na ɗan madaidaicin bene ba, da 'yan ƙananan kafofi a sama inda a da masu tsaro suke leƙen wanda ke tahowa ta ruwa ko ta hamada. A bayanta can nesa gilasan birni ne ke walƙiya. Ita kuwa tana tsaye abinta, an kewaye ta da igiya don kada baƙi su matsa.

Baba ya ja ya tsaya cak. Na ji ya yi sallama ƙasa-ƙasa, yadda ake yi a ƙofar gidan mutane. Kafin in farga ya ɗaga igiyar ya shige, ya ɗora tafin hannu a bangon. A wata kusurwa daga ƙasa shafen ya ɗan ɓantare, sai na ga ya durƙusa, ya kankaro da farce, ya kai baki. Wani mai gadi ya taho da gudu yana ɗaga hannu, yana faɗa da Larabci cewa an hana, "Mamnu'! La, Haji, mamnu'!"

Na ce, "Baba, don Allah a fito, an hana taɓawa, za a ja mana magana."

Mai gadin ya yi turus. Ya dube ni, ya dubi Baba, sai fuskarsa ta washe. "Ei! Hausa nake ji? Baaba, sannu da zuwa! Ni Fuseini, ɗan zangon Kumasi. Amma Baaba, ka ci bango? Na ga masu hoto, na ga masu son rubuta suna, wallahi ban taɓa ga mai ci ba."

Baba ya ce, "Ɗana, ba ci na yi ba, gaisawa muka yi."

Baba bai yi dariya ba. Fuskarsa ta canza, irin yadda na ga ta canza da yake ba ni labarin ranar da ya fara ganin Ka'aba. Ya ce bangon gishiri ne fal. A garinmu gishiri maƙiyin gini ne, shi ke cinye gindin bango ya kayar da shi, to ta yaya wannan ya tsaya a bakin ruwan gishiri, cikinsa gishiri, tun zamanin kakanni? Fuseini ya waiga ya dubi kyamara, ya ce, "Shwayya shwayya, a hankali, Baaba, minti biyar, in ogana ya gani kalas, aikina ya ƙare." Sannan ya durƙusa kusa da shi ya nuna masa dutsen da ya leƙo ta inda shafen ya ɓantare, mai huji-huji kamar saƙar zuma. Ya ce mutanen zamanin da ba su da jar ƙasa, sai suka shiga teku suka saro wannan, dangin murjani ne, a ƙarƙashin ruwa yake tsirowa. Baba ya riƙe haɓa. Murjanin da muke saya wa amare su rataya a wuya, a nan danginsa ne tubali. Ya yi ta maimaita "Allahu Akbar", ya ce ashe Ubangiji bai bar kowa babu abin da zai gina ɗaki da shi ba, sai dai in bai duba ba.

Sai ya miƙe ya kamo wuyan hannuna, abin da rabonsa da yi tun ina firamare, ya ɗora tafina a bangon ya riƙa ja. Ni santsi da kaushi kawai nake ji, shi kuwa karatu yake yi. Nan hannun mutum ɗaya ne, in ji shi, bahago, kuma gajere, duba inda jansa yake tsayawa. Nan wani ne daban, mai gaggawa. Wancan na sama na kwanan nan ne, da cokalin gini aka yi, amma mai hankali ne ya riƙe cokalin. Na tambaye shi wanne ne na maginin farko. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa ƙasa.

"Ba ka ganinsa, Injiniya. Yana can ciki. Da har yau nasa ake gani, da ginin ya daɗe da kwantawa. Haka hannun kakanka yake a zaurenmu, ƙarƙashin nawa."

Na ce to. Wallahi na ji maganar, kalma da kalma, ga shi har yau ina iya maimaita ta. Amma ji daban, ganewa daban.

Da Fuseini ya tashi daga aiki bai bar mu ba, sai da ya kai mu ɗaya daga tsofaffin gidajen unguwar da aka buɗe wa baƙi. Baba ya ɗaga kai ya ga sandunan da aka jera aka yi rufi, ya auna faɗin ɗakin da taku, ya shiga na gaba ya sake aunawa, sai ya yi murmushi. Ɗakunan dogaye ne amma matsattsu, kuma duk faɗinsu ɗaya, domin iyakar tsawon sanda iyakar faɗin ɗaki. Da wannan matsalar ya yi ta fama duk rayuwarsa da azara, sandar giginyar da muke rufi da ita. Fuseini ya ce su sandunan ma ba a nan suke fitowa ba, a jirgin ruwa ake kawo su daga gaɓar Afirka ta gabas. A kusurwar ɗakin kuma akwai wani dogon bututu da aka gina ya zarce rufi, buɗe ta fuska huɗu, yana kamo iska daga sama ya sauko da ita. Baba ya zauna a ƙarƙashinsa, iska mai sanyi na kaɗa masa gemu, babu fanka babu na'ura. Ya ce, "Da mun haɗu da maginin gidan nan, da na koya masa daurin guga ya faɗaɗa ɗakinsa, shi kuma ya ba ni bututun nan." Daurin guga shi ne rufin da ake tanƙwara azara ta haɗu a tsakiya kamar baka, irin na zaurenmu, shi ne abin da Baba ya fi taƙama da shi.

Rana na shirin faɗuwa muka fito, ruwan ya yi ja, kiran magariba ya tashi daga tsallake biyu lokaci guda. Baba ya juya ya fuskanci hasumiyar, ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga maginin da bai san sunansa ba, da bahagon, da mai gaggawar, da iyayensu. Ni da Fuseini muka shafa. A kwana goman da ya yi, wannan ne wuri ɗaya da ya ce in ɗauke shi hoto.

Ya koma gida, bazara na zagayowa ya yi wa zaure yaɓe. Ƙarfi ya riga ya ja baya, don haka Malam Iro, wanda ya koyi aiki a hannunsa tun yana saurayi, shi ya hau sama, Baba ya yi iya inda hannunsa ke kaiwa daga tsaye. Ruwa ya sauka sau biyu a kan yaɓen, sai ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi. Ban sami ganinsa da rai ba, gawarsa na tarar. Ranar sadakar uku na fito raka masu gaisuwa, da na juyo sai idona ya faɗa kan bangon. Ga yatsunsa nan, sabbi, har da inda ɗan yatsansa da ya taɓa karyewa yake karkacewa. Na tsaya na kasa shiga gida.

A ranar na ce kada a sake taɓa bangon. Na sa aka kafa 'yar rumfar kwano a kansa, na ce a hana yara jingina. Igiya ce kawai ban ɗaura ba. Yanzu da nake waiwaye ina ganin abin da ya faru sarai: mutum biyu suka yi magana a gindin hasumiyar nan, ɗaya ya ce mamnu', ɗaya ya ce hannu kan hannu, sai na ɗauko ta mai gadi na bar ta ubana. Duk bazara Malam Iro sai ya zo gidan ya tambaya ko an yarda, Yaya Lawal ya ce masa na Dubai bai yarda ba. Sai ya shafa bangon, ya girgiza kai ya tafi.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo Dubai ta yau. An yi sabuwar gada a kan ruwan, kusa da Shindaga, da wani ƙaton baka na ƙarfe da ya haɗe a sama. Na tabbata zai tsaya ya daɗe a gabanta, don bakan ɗan'uwan daurin gugarsa ne, ya kuma tambaya yaushe za a yi mata rufi. An gyara tsofaffin gidajen unguwar an mayar da su wuraren ziyara, har da na'urar sanyaya ɗaki a ƙarƙashin bututun iskar, wannan kam na san zai ce an sa wa kifi rigar ruwa. Abra na nan, jiragen katako na nan, hasumiya na nan. Ina jin duk zai yi tasbihi ya wuce. Abin da ban so in tambayi kaina ba shi ne me zai ce da zai leƙo ƙofar gidansa ya ga rumfar kwano a kan bangon da ke mutuwa da ƙishin ƙasa, ya kuma ji cewa ɗansa injiniya ne ya ba da umarni.

Kiran Yaya Lawal ya same ni ina wurin aiki. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Nasiru, tsagar ta kai hannuna yana shiga. Kai kana can cikin sanyin na'ura kana son bango, mu muna nan ƙarƙashinsa. Ta ƙofar nan 'ya'yana ke fita makaranta. Kafin ruwan farko, ko a gyara ko in rushe shi in sa bulo, kuma ba shawara nake nema ba." Tunda nake bai taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na yi fushi, na ce zan kira shi, ban kira ba.

Ranar hutuna na hau abra na nufi Shindaga, ni kaina ban san abin da na je nema ba. Fuseini na nan, furfura ta fara fito masa, yanzu shi ne shugaban masu gadin wurin. Zumunci ya ɗore tsakaninmu, don shi ne mutum na farko da ya zo mini ta'aziyya da na dawo daga Zariya. Muna gaisawa sai na hango an kafa ƙarafan hawa a gefe guda na hasumiyar, wani dattijo mai jan gemu yana sama yana shafe bango, ana miƙa masa kwaɓi a kwano. Raina ya ɓaci kamar gidanmu aka shiga. Na ce, "Fuseini, ba an hana taɓawa ba?"

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Massa, kai aka hana! Su kullum suna taɓawa. Gishiri da zafin nan, in an bar shi shekara kaɗan kalas, sai ka zo ka ga tudu. Wurin da Baaba ya sa hannu ma an shafe shi sau biyu tun lokacin, ni na tsaya a kai."

Na nemi benci na zauna. Na kalli dattijon yana jan hannu a hankali, yana rufe aikin wani da bai sani ba, ba tare da ya ji yana yi wa kowa laifi ba. Sai muryar Baba ta dawo mini, da har yau nasa ake gani da ginin ya daɗe da kwantawa, na kuma tuna tambayar da ya yi a gindin dogon gini, wadda na yi wa dariya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa har benen da ya fi rimi na hau. Na yi kuka a bencin nan, gaban baƙi masu ɗaukar hoto, ban damu ba. Shekara takwas ina neman gira, saura ƙiris in rasa ido. Daga nan na kira Yaya Lawal na ce ya gaya wa Malam Iro ina tafe.

Da na isa Zariya na tarar Malam Iro ya riga ya jiƙa ƙasa kwana uku, ya ce ya ƙudura bana ko an yarda ko ba a yarda ba sai ya yi. Ya tsufa, amma da ya ga na tuɓe takalmi na naɗe wando na shiga kwaɓi sai ya ce, "Ah, yau Injiniya zai taka?" Muka cire rumfar kwano. Ya fara buɗe tsagar don ya ɗinke ta da guntayen azara, sai ya kira ni in zo in gani. A cikin yankan, yaɓen ya fito hawa-hawa, wani kan wani, kowanne da kalarsa. Ya riƙa nunawa da tsinke: wannan na babanku ne, wannan ma nasa ne, wannan shekarar da aka yi ruwa mai yawa ne, ni na miƙa masa ƙasar. Can ciki akwai wani mai duhu, wanda aka kwaɓa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da magabata ke ƙarfafa yaɓe da shi. Ya ce wannan na kakanku ne. Ban taɓa ganin kakana ba, ko hotonsa babu. Ranar na taɓa hannunsa.

Da aka gama ɗinkin, Malam Iro ya mintsino ƙasa daga kwaɓin ya miƙo mini. Na gane abin da yake nufi. Ɗan mai cin ƙasa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Ƙasa." Ya ce, "To, da haka shi ma ya fara." Sannan ya cura curi na farko ya sa mini a hannu, ya ce ɗan gida ke fara rufe hannun ubansa, haka Baba ya yi wa nasa uban, yana nan tsaye ya gani.

Na ɗauki hoto tukuna, ba zan yi ƙarya ba. Na sa yatsuna huɗu a cikin sawun nasa, na bi su tun daga ƙofa har kusurwa, a hankali, har inda karyayyen ɗan yatsan ya karkace. Yaya Lawal na tsaye a bayana. Na yi bisimilla na manna ƙasar, na ja. Jan farko ya zame ya faɗi. Na biyu ya kama.

Yanzu na dawo bakin aikina, ina ci gaba da mayar da duk bangon da aka samu da sawun yatsa. Makon jiya ruwan farko ya sauka a Zariya, Yaya Lawal ya turo mini bidiyo: indararo na zuba, zaure na tsaye, 'ya'yansa na fakewa a ƙofa. A gefen ƙofar ana ganin wani yaɓe mai karkatattun layuka da duk wanda ya san aiki zai gane na ɗan koyo ne. Malam Iro ya ce hannuna bai kama ƙafar na Baba ba, amma ruwa bai san da haka ba.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Malam Garba magini bayan shekara takwas, ba ni da abin nunawa da yawa. Gidajen da ya gina wa mutane yawancinsu an rushe an sa bulo, sunansa ba ya rubuce a jikin komai, sawun yatsunsa ma ni na rufe su da hannuna. Amma zaurensa na tsaye, kuma yana ciki, tsakanin ubansa da ɗansa, yana riƙe da mu duka biyu. Duk sanda na bi ta Shindaga yanzu nakan tsaya bayan igiya in yi wa hasumiyar sallama, in yi addu'a ga maginin da ba a ganin hannunsa, in haɗa da nawa uban. Allah Ya gafarta musu, Ya sanyaya makwancinsu. Na kuma bar wa Yaya Lawal wasiyya ɗaya: nan da shekara biyu a rufe nawa hannun, kuma ko ni ne na kira daga Dubai na ce a dakata, kada ya saurare ni.